Ni nas ce, ina son komawa karatun likita: wa ya taɓa bin wannan hanyar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma don Allah daga waɗanda suka yi ko aka yi a gabansu. Ina da RN da RM (shaidar rajistar nas da ta ungozoma), ina aiki a asibitin gwamnatin jiha, ɓangaren yara. Shekarata 31, da aure da yara biyu. Tun ina sakandare likita nake son zama, Allah bai yi ba, na shiga makarantar koyon jinya. To yanzu abin ya dawo mini da ƙarfi. Maigida ya amince, da sharaɗi biyu: ba barin gari, kuma ba ajiye aiki sai gurbi ya fito.

Kiredit biyar ɗina a zama biyu suke, Fiziks a NECO, sauran a WAEC. In sake JAMB ne in fara daga aji ɗaya, ko in yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, in nemi aji biyu? Shaidar RN tana da wani amfani a nan? Mai aikin dare za ta iya haɗawa da shiri? Kuma ana ba nas hutun karatu da albashi idan MBBS, wato digirin likita, za ta yi?

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Allah Ya cika miki burinki Sista, ki dage da addu'a, babu abin da ya gagari Allah.

Abban Biyu: Ki tafi Masar kawai, can babu yajin aiki.

Maman Ilham: Na gode Malam, amma na ce ba zan bar gari ba.

Anti Metron: 'Yata, ni da ke ce BNSc, digirin jinya, zan yi. Da RN ɗinki kai tsaye za ki shiga aji biyu, ki gama, ki ɗora digiri na biyu, ki kai har darakta a ɓangarenki. Me aikin jinya ya yi miki? Mu da muka tsufa a ciki ba mu ga ta inda muka gaza ba.

Ɗalibin Aji Biyar: Anti, ba BNSc ta tambaya ba. Sista, bari in faɗa miki abin da na sani, don a ajinmu akwai nas guda biyu. Shaidar RN ana karɓarta ne a shiga digirin jinya, a makarantarmu ba a ko kallonta idan MBBS ake nema. Hanya uku ce. Ko ki zauna UTME, wato jarrabawar JAMB, da Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, ki yi shekara shida. Ko ki kawo sakamakon IJMB ko takwararsa JUPEB ki shiga aji biyu, ki yi biyar. Ko kuma digiri mai daraja a fanni irin su Anatomi ko Fiziyoloji, shi ma aji biyu. Amma abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne zama biyun nan. Makarantu da yawa ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Kafin ki kashe ko sisi, ki duba ƙa'idar jami'ar da kike so a kundin JAMB. Idan zama ɗaya suke so, ki fara da sake jarrabawar sakandare, irin ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara.

Sannan ki sani gurbin aji biyu kaɗan ne ƙwarai. MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta horar, kuma 'yan aji ɗaya da suka haye sun riga sun cinye yawanci.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri ƙanena, wannan ita ce amsa ta farko da ta taɓa tambayata. Ashe sai na koma zama da 'yan sakandare a ɗakin jarrabawa.

Ɗan Zolaya: Ki tafi da abin auna jini Sista, idan mai sa ido ya hana ki leƙe sai ki ce masa jininsa ya hau.

Baƙin Ruwa: Sista, ki saurare ni, don abin da kike shirin yi ni na yi shi har ƙarshe, kuma ga ni nan ba likita ba.

Ni ma nas ne. Ina aiki a ɗakin haɗari da gaggawa lokacin da zuciya ta ce mini in koma. Na yi IJMB ina aiki. Dare in kwana ina sa ƙarin ruwa da ɗinkin 'yan hatsarin babur, asuba in yi wanka a bayin ma'aikata, in hau ɗan sahu zuwa aji. Littafin Kemistiri a cikin durowar magani yake kwana, har yau akwai tabon aidin a bangonsa. Na fito da maki 13 cikin 16. Na ce shi ke nan. Sunana bai fito ba. Na je ofishin ɗaukar ɗalibai, aka ce in bar lambata. Wanda muke zama benci ɗaya da shi, makinsa bai kai nawa ba, ya samu, don kawunsa ya san wanda ya san wani. Shekara ta zagayo na sake nema, aka miƙo mini Bayokemistiri.

Zuciya ta ɗebe ni. Na nemi hutun karatu, aka ce kwas ɗin ba na layin aikina ba ne. Na rubuta takardar ajiye aiki, na sayar da filin da na gada, matata ta sayar da ɗan kunnenta na aure, na tafi Khartoum. Karatu ya yi kyau, wallahi, har na fara shiga asibiti. Watan Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke. Muna ɗaki muna jin harsashi yana sauka a kan rufi. Aka kwashe mu a motocin bas zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a filin Allah, ruwan sha sai an yi rabo, kafin a bar mu mu wuce Aswan mu hau jirgi. Jaka ɗaya na dawo da ita.

Da na dawo, sai maganar takardar sakamako. Makarantar da za ta ba ka ita ta watse. Inda na nemi canji a gida suka ce babu gurbi, wata mai zaman kanta ta ce in koma baya da aji biyu, ta faɗi kuɗin da ko fili uku na sayar ba zai biya ba. Yanzu ina wani ƙaramin asibitin kuɗi, albashina bai kai rabin wanda na bari ba, shekarun fanshona sun tafi, waɗanda na koya wa sa allurar jijiya su ne shugabannin ɗaki. Ranar nan wata tsohuwa ta ce mini "sannu likita", sai da na fita waje.

Ummu Sultan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya musanya maka da mafi alheri.

Anti Metron: Kin ji ko 'yata? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abban Biyu: Shi ya sa na ce Masar, ba Sudan ba.

Hajjo: Malam Baƙin Ruwa, ba a ce wasu jami'o'in Sudan ɗin sun ci gaba da karatu ta intanet ba, wasu ma sun kai ɗalibansu wasu ƙasashe? Ƙanen mijina haka ya ƙarasa.

Baƙin Ruwa: Sun yi, Hajiya. Da dala. Lokacin da na tafi dala ba ta kai naira 500 ba, da na dawo ba a jima ba ta haura dubu. Kuma ko ka gama, sai ka ci jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin ka taɓa mara lafiya.

Maman Ilham: Yaya, labarinka ya taɓa ni, Allah Ya buɗa maka wata ƙofar. Sai dai ni ba waje zan je ba, ba kuma zan ajiye aiki ba. Abin da nake son ji daga gare ka: IJMB ɗin nawa ya ci maka, kuma da za a koma baya, UTME za ka zaɓa?

Baƙin Ruwa: Da za a koma baya filina zan riƙe.

Hajjo: IJMB bara ɗiyata ta yi a kwalejin gwamnati, duka-duka bai kai dubu 150 ba.

Sista Zee: Dubu 150 a ina? Ni cibiyar da na tambaya dubu 400 suka ce, ban da wurin kwana.

Hajjo: To ai kin je wajen 'yan kasuwa ne.

Abban Biyu: Ni na san wanda zai yi mata komai a dubu 80, ba sai ta shiga aji ba.

Ɗalibin Aji Biyar: Malam, wannan shi ne hanyar da za a kore ta tana aji huɗu idan aka tantance takardu. Sista, IJMB a ƙarƙashin ABU Zariya yake, ki tabbata cibiyar da za ki shiga tana cikin waɗanda aka amince da su. Kuma kuɗin shiga ba shi ne kuɗin ba. Kuɗin shi ne shekara biyar ko shida da za ki yi kina ci ba kya nema. Akwai bashin NELFUND ga ɗaliban jami'o'in gwamnati tun 2024, yana rage zafi, amma ba ya sayen madarar yara.

Dakta M.: Na karanta duka. Ni likita ne, na yi shekaru ina koyar da ɗalibai a gefen gado. Sista, shiri da aikin dare mai yiwuwa ne. Karatun kansa da aikin dare ba mai yiwuwa ba ne. Aji biyu da uku Anatomi ne da Fiziyoloji da Bayokemistiri, safe lacca, rana ɗakin gawa, dare karatu, sannan babbar jarrabawar da ke tankaɗe mutane: ka faɗi ka sake, ka kuma faɗi ka maimaita aji, daga nan sai sallama. Ƙwarewarki ta jinya ba za ta taimake ki a nan ba ko kaɗan, sai kin kai aji huɗu za ki ga ribarta. Ki yi lissafi kuma: in kin shiga kina 33, ki fito kina 38 ko 39 idan ba a yi yajin aiki ba, ga shi a 2022 wata takwas ASUU ta yi. Sai shekara guda ta horon asibiti. Hidimar ƙasa dai kin tsallake, tunda kin haura 30. In kina son ƙwarewa, ki ƙara wasu shekaru biyar zuwa shida. Na ga nas da suka yi, kuma sun zama likitoci na kirki, amma duk wadda na sani tana da mai riƙe mata gida.

Sista Zee: "Ba za ta taimake ki ko kaɗan ba." Kun ji irin maganar tasu ko? Ranka ya daɗe, sabon likita idan ya zo ɗakinmu wa ke nuna masa jijiyar jariri?

Dakta M.: Sista, ki karanta da kyau. Aji biyu da uku na ce. Ba a neman jijiyar jariri a jarrabawar Bayokemistiri.

Anti Metron: Dakta, da girmanka, amma kai ba ka taɓa zama nas ba, ba ka san abin da za ta bari ba. Wannan shawara tamu ce.

Ɗalibin Aji Biyar: Anti, ke ma ai ba ki taɓa yin MBBS ba.

Anti Metron: Yaro, ina karɓar haihuwa tun ba a yi auren iyayenka ba.

Baƙin Ruwa: Duk cikinku ni kaɗai na taka ɓangarorin biyu, amma ni ne ba a son jin tawa.

Ɗan Zolaya: A kawo maganin hawan jini ɗakin nan, a rubuta a fayil ɗin Maman Ilham tunda ita ta tara mu.

Nana Asabe: Ku yi haƙuri in sa baki, ban cika magana ba. Ina aji uku yanzu, kuma nas ce ni. UTME na bi, don na ga gurbin aji ɗaya ya fi yawa. Na sake jarrabawar sakandare na haɗa kiredit ɗina a zama ɗaya. Na roƙi shugabar ɗakinmu ta mayar da ni asibitin sha-ka-tafi na wata shida, safe kawai, yamma ina lasin tare da yaran da na girme su da shekara goma sha. Fiziks ne ya fi wahalar da ni, tsoffin tambayoyin JAMB na yi ta bi har na haddace yadda suke juya su. Hutun karatu kuwa, da albashi aka hana ni, aka ba ni wanda babu albashi. Ranar Asabar da lokacin hutu ina karɓar aiki a asibitin kuɗi, mahaifiyata ce ke riƙe da yara. Ƙaramar tawa yanzu ita take kira Umma.

Maman Ilham: Nana Asabe, Allah Ya yi miki albarka, ke nake nema tun ɗazu! Hutun da babu albashin, shekara nawa suka ba ki a takarda? Kuma an ce za su mayar da ke layin likitoci idan kin gama?

Sista Zee: Wai har an ba ki ma? Mu a wajenmu takardar neman hutun karatu sai ta shekara a kan tebur. Ni kwas ɗin jinyar masu ciwon ƙoda na nema, a layin aikina, aka ce babu ma'aikata. Wata da ta zo bayana, 'yar wani ce, ta tafi da cikakken albashi.

Anti Metron: Wannan kam gaskiya ne. Amma ku ma ku duba, ɗaki mai gado talatin nas biyu ne a dare. In na sa hannu kowa ta tafi, wa zai kwana da marasa lafiya?

Sista Zee: To a ɗauki ma'aikata mana Anti! Kullum ana yaye ɗalibai suna zaune a gida. Ba a ɗauka, ba a barin mu mu yi karatu, da muka ce za mu fita waje kuma a 2024 hukumar jinya ta fito da dokar sai ka yi shekara biyu da aiki kafin a tantance maka takardu. Ga tsarin albashinmu CONHESS ga na likitoci CONMESS, dare ɗaya muke kwana da likita, ku duba alawus ɗin kowa.

Dakta M.: Alawus ɗin namu ma da kike gani, sai mun yi yajin aiki ake biyan bashinsa.

Hajjo: Ku dai kuna da albashin da za ku yi faɗa a kai. Ɗiyar yayata shekara biyu tana aikin sa-kai a asibiti, ko kuɗin mota ba a ba ta.

Abban Biyu: Saudiyya na ɗaukar nas, ina da lambar wani ejan.

Sista Zee: Ejan ɗin nan naka nawa yake karɓa? Kuma kuɗin inifom da aka ce an amince da shi, akwai wanda ya gani a albashinsa na watan nan? Ni dai ban gani ba.