Lambun bayan ɗaki ya ba ni kunya a daminar bana, me zan shuka da rani?

Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah masu sanin harkar lambu ku zo ku fitar da ni. A Agege nake a Legas, gidan haya, bayan ɗakinmu akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba kuma duk siminti ne, tsadar kayan miya ce ta ishe ni na samo buhunan shinkafa 12 na cika da ƙasa a watan Mayu, shida tumatir, biyu attaruhu, sauran kuɓewa da alayyafo da yakuwa. Alayyafo da yakuwa kam alhamdulillah, har maƙwabciyata Bayarabiya sai da ta koyi miyar taushe. Kuɓewa ba yabo ba fallasa. Amma tumatir wlh ya ci amanata, ya tashi har ƙuguna ya yi fure gwanin sha'awa, ruwan Yuni na kankama ganyen ƙasa ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, furen ya zube, buhu biyu kuma na kwanta suna lafiya na tashi na tarar sun yi yaushi da korensu kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ƙwaya tara na tsinka, su ma duk sun tsage. Attaruhun ganyensa ya nannaɗe ya ƙi girma. Ga katantanwa da daddare.

Yanzu Oktoba ta zo ƙarshe ruwa na ja baya, ina so in sa latas, karas, kabeji da albasa in sake gwada tumatir. In yi amfani da ƙasar nan ko in zubar?

Wani dattijo mai lambu, Ojo:
Wa alaikumus salam 'yata. Ke ai tumatir kika kai wa ruwa, shi kuwa ba ya son ruwa a ka, a gindi yake so. Ko a gida, wanda ake lodowa daga Kadawa ta Kano zuwa kasuwar Mile 12 ai na noman rani ne, shi ya sa da damina yake tsada. Balle Legas da ruwa ke zuba tun Afrilu, ya ɗan huta a Agusta ya dawo Satumba, iska kullum a jiƙe. Wancan da ya yi yaushi yana kore ciwon cikin ƙasa ne. In ya sake faruwa ki yanke karan ki tsoma a kofin gilashi mai ruwa, za ki ga wani abu fari-fari kamar zare yana saukowa, to ba shi da magani sai tugewa. Ƙasar buhunan nan biyu ki fitar da ita gaba ɗaya. Sauran huɗun ma kar ki mayar da tumatir, attaruhu, tattasai ko gauta, duk dangi ɗaya ne cutarsu ɗaya. Ki zuba alayyafo a ciki, tumatir ya koma buhunan da yakuwa ta fita.

'Yar uwa daga Idi-Araba:
Baba ya gama magana. Ni ƙarina Hajiya, ki yi renon irin yanzu a tsohuwar roba a inuwa, sati uku zuwa huɗu ki yi dashe da yamma, ƙwaya ɗaya a buhu ba uku ba kamar yadda na yi bara suka shaƙe juna. Ki huhhuda buhun ta ƙasa ki ɗora a kan bulo, ina kyautata zaton naki a ruwa suka zauna kan simintin nan. Kuma kashin kaji sai wanda ya daɗe ya ruɓe, ɗanye na zuba ya ƙone min kuɓewa tas, kwana biyu ina jin haushin kaina.

Wani matashi, Mile 12:
Anti ki cire kabeji a lissafi, gaskiya ɗaya ce. Hunturun Legas wane hunturu ne, ƙura ta ɗan leƙo a Disamba ko Janairu mutane su sa rigar sanyi su ɗau hoto shi kenan ta tafi. Kabejin da muke saukewa a nan daga Jos yake zuwa. Albasa ma ba za ta yi miki kai ba, amma ki binne gindin wadda kika yanka za ki sha lawashi.

'Yar uwa daga Idi-Araba:
Latas dai yana yi, ni na yi. Ki sa shi inda ranar safe kawai ke bugawa ki riƙa tsinkar ganye tun yana ƙarami, in ya yi tsiri sama ɗaci zai yi. Karas kuma ba a dasa shi, a inda zai zauna ake yafa irin, ƙasa mai yashi ba tsakuwa.

Wata uwar gida, Alaba Rago:
Duk ba wanda ya tambaye ki ruwa. Buhu 12 a Fabrairu safe da yamma suke sha, in a hannun mai ruwa kike saye jarka-jarka to tumatirin kasuwa ya fi miki araha. Ni ruwan alwala da na wanke shinkafa nake tarawa a bokiti, ban da mai omo. Attaruhun ki ɗaga ganyen ki duba ƙarƙashi, in kin ga wasu fararen ƙudaje ƙanana sun tashi su ne suka kawo masa cutar, ki tuge, sabon kuma ki jiƙa ganyen dogonyaro ya kwana ki tace ki riƙa fesawa. Katantanwa tocila za ki ɗauka bayan isha ki tsince su.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba wlh kamar kana wurin, yanzu na je na ɗaga buhu ɗaya ƙasansa har gansakuka ya yi, ko huda ɗaya ban yi ba. Ruwa muna da bohol a gidan, sai dai in nefa ta ɗauke. Kabeji na haƙura. Buhu takwas zan bari, gobe Abban yara zai samo min bulo. Irin latas ɗin a ina zan samu mai kyau a nan kusa da Agege?