Neman shawara: idon tsohuwar kyamarar kawuna ya cije

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Hankalina a tashe yake. Kawuna marigayi ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet, daga can ya zo da kyamara Zorki 4 mai ido Jupiter-8, milimita 50, irin wadda ake leƙa ƴar taga a haɗa hoto biyu su zama ɗaya. Da ita ya ɗauki auren iyayena da hawan salla. Da aka zo rabon gado kowa ya tsallake ta, har wani ɗan uwa yana cewa a ba ƴan gwangwan, sai inna ta naɗe ta cikin zane ta ce tawa ce. Yanzu zoben saiti, wanda ake juyawa hoto ya fito tas, ya cije. Na ɗiga mishi man keken ɗinki, ya ɗan saki, amma ga maiƙo kan ƴan ganyayen ƙarfe na ciki, gilashin kuma kamar hazo. Ina so in ɗauki bikin ƙanwata da ita. In kwance ko in bari?

Baba mai agogo: Wa alaikumus salam. Ɗana, man nan shi ne ɓarnar. Tsohon giris ne ya daskare, ba a kuma gyara shi da ƙarin mai, wanke shi ake yi. Mai ruwa-ruwa tafiya yake, balle da zafin Maradi, har ya kai gilashi. Ka riƙe gindin, ka murɗe gaban: ɓangaren gilashi na Jupiter-8 yana fita a dunƙule. Za ka ga ɗan siririn zobe a ƙarƙashinsa. Kada ya ɓace, shi ke riƙe da saitin nesa. Ka wanke murɗin da zoben saiti ke juyawa a kai da man da ake zuba wa ashanar ƙarfe, ka shafa giris kaɗan. Kafin ka raba murɗin ka yi alama inda ya rabu, don bakinsa ba ɗaya ba ne. In ka maida ta wani bakin, saitin zai rikice.

Mai situdiyo Sabon Gari: Ni ban yarda ya buɗe ba. Ganyayen wannan ido da hannu ake juya su, ba su da sifirin, ɗan maiƙo ba ya hana su aiki. Jikinsa kuma sanholo ne, kusoshin ƙanana, sau ɗaya za ka zame kan ya cinye. Wani mai gyaran waya ya taɓa karɓar jika biyar wurina kan idon kyamarar Yashica, ya maido mini shi cikin leda gunduwa-gunduwa, har yau in mun haɗu sai ya kau da kai. Babu amana yanzu.

Ɗan Bagalam: Baba, ɗigo biyu ne kawai fa. Kuma kafin in sa ko motsi ba ya yi, yanzu yana juyawa. Da na bar shi haka da mi zan yi da shi?

Hajiya Zariya: Ƙanena, wannan hazon ka haska shi da tocila ta baya. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ta damina a cikin zane. Ita tana cin fatar gilashi, wato ɗan shafin da ke samansa, in ta ci ba ta gogewa. Kuma ina za ka wanke fim ɗin? Ni hotunan aurena mai hoto ya riƙe, ya ce fim ya ƙone, kuɗin ma bai maido ba.

Baba mai agogo: Ba fumfuna ba ce, Hajiya, tururin mai ne. Shekaruna nawa ina buɗe ƙananan injuna. Shi kuma mai situdiyo, ganyaye za su yi aiki, gaskiya ne, amma man zai ci gaba da hawa gilashi. Ɗana, kada ka goge gaban da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, fatar gilashin Rasha kuma laushi gare ta. Ka hure tukuna. Kuma Zorki ba a canza mata gudun ɗaukar hoto sai an ɗana ta, in ba haka ba ka karya ta. In ka gama, ka cire bayanta, ka sa gudun a B, inda ƙofar haske ke zama buɗe muddin ka danne maɓalli, ka liƙa takarda shara-shara inda fim yake zama, ka auna hasumiyar masallaci mai nisa, ka ga ko ta fito tas kan takardar.

Mai situdiyo Sabon Gari: Baba, agogo daban, kyamara daban. Ya kai ta Kano ko Yamai.

Ɗan Bagalam: Hajiya, inna ba ta ajiye ta wuri mai laima ba, cikin adaka take. Kano kuma ba zan iya sallama ta hannun direba ba. Na gwada murɗe gaban kamar yadda Baba ya ce, ya ƙi. In sa filaya?

Baba mai agogo: Kul! Robar tayar keke za ka naɗa ka murɗa da hannu.

Ɗan Bagalam: To zan gani. Akwai wani yaro maƙwabcinmu da ya ce isansi, wato fetur, zai sake shi, ina tunanin in fara gwada nashi.

Hajiya Zariya: Ba ka dai faɗa mana abin da tocila ta nuna ba.