Ƙasar da ke son ƙera makamanta da kanta, daga ina za ta fara?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Na san a zauren nan akwai waɗanda suka yi aikin masana'anta da waɗanda suka sa kaki, shi ya sa na kawo tambayar nan. Duk bayan ɗan lokaci sai a ga wata ƙasa ta shirya biki, an yaye ƙyalle daga kan mota mai sulke ko jirgi maras matuƙi, a ce ga ƙirar gida. In mutum ya bi diddigi sai ya tarar injin daga Jamus yake, giyabos daga wata ƙasar, farantin sulke daga wata, kyamara daga wata. Abin da aka yi a gida bai wuce walda da fenti da ɗaure noti ba.

Shin wannan harhaɗawa matakin farko ne na gaskiya, ko rufa-ido ne kawai? Sannan ƙasar da ba ta da aljihun Amurka ko Sin, da me ya kamata ta fara? Wani abokina ya dage cewa takunkumi ne ya tashi Turkiyya, wai in aka hana ka saye dole ka ƙera. To amma Najeriya ta kafa DICON, masana'antar makamanta, a 1964, kafin Turkiyya ta kafa Aselsan mai yin na'urorin lantarki na soja, kafin Brazil ta kafa Embraer mai ƙera jiragen sama a 1969. Me ya raba su a hanya?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ba soja ba ne. Aikina auna ƙarfe, na yi shekaru a sashen duba inganci na wata masana'anta da ke yi wa sojoji ƙananan kayan gyara, don haka daga ƙasa nake kallon maganar nan.

Harhaɗawa ba abin kunya ba ce. Koriya ta Kudu ta fara ne da ƙera bindigar M16 da lasisin Amurka a shekarun 1970. Turkiyya ta harhaɗa jiragen F-16 a kusa da Ankara tun ƙarshen shekarun 1980. Abin da za ka tambaya shi ne: bayan shekara biyar, wane ɓangare aka daina shigowa da shi? In jerin kayan da ke zuwa a kwantena bai ragu ba, to an tsaya ke nan a ɗaure noti, ko da an canza wa motar suna sau uku.

Da za a ba ni zaɓi, da harsashi zan fara, ba da tankar yaƙi ba. Tanka ana sayenta sau ɗaya a yi shekara talatin da ita. Harsashi kuwa kullum ci ake yi, ko babu yaƙi akwai atisaye, saboda haka injin ba zai kwanta ba. Kuma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Abu huɗu ne a cikinsa: kwanso, da kan da ke fita, da albarushi, da ɗan maɓallin gindi da ke tada wuta. Kwanson na tagulla ne, wajen kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma sai an mulmula shi daidai. Albarushin zamani daga zaren auduga da asid ake samo shi, wato sai kana da masana'antar sinadarai. Ƙasashe da yawa da ke cewa suna yin harsashi, faifan tagulla da albarushi da maɓalli duk sayo su suke yi. Ranar da mai sayarwa ya rufe ƙofa, injinan sun zama kayan kallo.

Bari in gaya maka abin da idona ya gani. Mun taɓa yin wasu ƙananan kaya na tagulla, suka fito suna sheƙi, suka wuce ma'auni lafiya. Ma'aunin namu baki biyu gare shi, ɗaya dole ya shiga, ɗayan dole ya ƙi shiga, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Bayan watanni a sito sai aka buɗe akwati aka ga wasu sun tsage a wuya, ba wanda ya taɓa su. Da muka koma kan littafin aiki, ashe a daren da aka gasa su wuta ta ɗauke, tanderu ya huce kafin lokaci, mai aikin dare kuma ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ido ba ya ganin irin wannan. Sai da ɗakin gwaji, da wutar da ba ta yankewa, da mutumin da ke da ikon cewa wannan tarin duka a zubar, kuma manaja bai isa ya tanƙwara shi ba. Sojan da bindiga ta cije masa sau ɗaya a fagen daga ba zai sake yarda da kayan gida ba, kwamandansa ma haka, kuma ba na ganin laifinsu.

Ko manyan ma abin ya ba su kunya. A 2023 Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alkawarin harsashin atilare miliyan ɗaya cikin shekara guda. Da wa'adin ya cika a watan Maris na 2024, wajen rabi aka iya kaiwa. Kuɗi na nan, zane na nan, albarushi da sinadarin fashewa ne suka yi ƙaranci. Amurka da kanta ta daina yin sinadarin fashewa na TNT a gida a shekarun 1980, ta koma saye, har daga Poland.

Ka tambayi abin da ya raba su a hanya. Koriya ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ya fara narka ƙarfe a Pohang a 1973, ta kafa hukumar binciken makamai a 1970, sannan ta ɗora kamfanonin da ke yin jiragen ruwa da motoci a kan aikin. Masu yin tankar K2 a yau su ne masu yin jirgin ƙasa. DICON kuwa kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya kafa mata injina a Kaduna, amma kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara da Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970 har yau bai zama abin da aka yi niyya ba. Masana'antar makamai ba ta tsayuwa ita kaɗai a fili.

Maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Amurka ta sa wa Turkiyya takunkumin makamai a 1975 bayan ta shiga Cyprus, a shekarar aka kafa Aselsan, kuma da rediyon oba-oba na sojoji ta fara. Amma an ɗage takunkumin a 1978. Abin da ya riƙe tafiyar shi ne hukumar kula da masana'antun makamai da suka kafa a 1985 tare da asusu mai hanyar samun kuɗinsa daban, wanda ba ya jiran kasafin kowace shekara. Jirginsu maras matuƙi, Bayraktar TB2, da ake ta magana sai a 2014 ya fara tashi. Ka lissafa gwamnatoci nawa suka zo suka wuce a tsakani, aikin bai tsaya ba.

Mai Lissafi:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma akwai tambayar da masu fasaha ba sa son a yi musu: wa zai saya, guda nawa, har zuwa yaushe?

Brazil ta iya ƙira. Kamfanin Engesa ya sayar da motoci masu sulke na Cascavel ga Iraƙi da Libiya da wasu ƙasashe da dama. Sai ya zuba kuɗinsa a tankar Osório da fatan Saudiyya za ta saya. Tankar ta yi abin yabo a gwaji, Saudiyya ta ɗauki Abrams ta Amurka, yaƙin Iran da Iraƙi ya ƙare a 1988, Iraƙi ba ta biya bashi ba, sojojin Brazil kuma ba su da kuɗin cike giɓin. A 1993 kamfanin ya rushe. Afirka ta Kudu ma takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1977 ya sa ta ƙera igwar G5 da motar Casspir. Amma helikwaftan Rooivalk guda 12 kacal aka yi, babu ƙasar waje da ta saya, kuma Denel, kamfanin makaman gwamnati da ya ƙera shi, ya kai matsayin da ya kasa biyan albashi a kan lokaci, injiniyoyinsa da yawa suka tafi ƙasashen Gulf.

Saboda haka ni ina ganin takardar oda ta fi injin muhimmanci. In rundunar ƙasa ba ta sa hannu cewa za ta sayi kaza duk shekara har shekara goma ba, babu mai hankalin da zai sayo injina ko ya horar da ma'aikata. Kuma a farko kayan gida sun fi na waje tsada, sai an yarda a haɗiye wannan. Ga kuma abin da ba a faɗa a taro: sayen waje yana da dillalai da la'ada da tafiye-tafiye, kuma da an ce sirrin tsaro ne mai binciken kuɗi ya ja baya. Masu cin wannan abinci ba za su yi murna da masana'antar gida ba.

Ɗaya gefen ma akwai haɗari. In aka ce dole soja ya sayi na gida ko yaya yake, masana'antar sai ta miƙe ƙafa. Indiya ta yi fama da wannan, har a 2021 ta narkar da masana'antun makamanta na gwamnati guda 41 zuwa kamfanoni 7.

Ɗan Zamani:

Baba, da girmamawa, ina ganin kuna lissafin jiya ne. Yukren ta ƙera jirage marasa matuƙa sama da miliyan ɗaya a 2024, da yawansu a ƙananan shaguna, kuma ɗan jirgin da bai kai kuɗin tayar tanka ba yana kashe tanka. Me zai sa ƙasa ta jira kamfanin mulmula ƙarfe na shekara ashirin alhali matasa masu kwamfuta za su iya fara wannan gobe?

Tsohon Injiniya:

Hajiya Mai Lissafi, kin taɓo inda ke yi mini ciwo. A wurinmu oda takan zo da gaggawa, a yi aiki dare da rana, sannan a yi shiru har injina su yi tsatsa. Mai feƙe ƙarfen da aka yi shekaru ana koya masa sai ya gaji da zama ya tafi. In sabuwar oda ta zo, injin na nan, hannun babu.

Kai kuma ɗana Ɗan Zamani, ban musa maka ba, a fara jiragen gobe in an iya, ƙofa ce mai sauƙin shiga. Amma ka kwance ɗaya ka gani. Ƙananan injinan lantarki da ke juya farfela, da batir, da maganaɗisu, da kyamara, mafi yawansu daga Sin suke, kuma Sin ta fara taƙaita fitar da irin waɗannan kaya tun watan Satumba na 2023. Sannan Yukren ba daga sifili ta fara ba. Ta gaji kamfanin jiragen sama na Antonov da na injinan jirgi na Motor Sich da dubban injiniyoyi daga zamanin Sobiyet. Abin da jirgin ke ɗauka ya fashe kuma ya dawo da mu kan maganar sinadarai.

Turkiyyar ma ta ɗanɗana. A 2020, lokacin yaƙin Nagorno-Karabakh, Kanada ta dakatar da sayar mata kyamarar da ake sa wa TB2. Abin da ya cece ta shi ne Aselsan ta riga ta yi nisa da tata kyamarar. Tankarta ta Altay kuwa ta yi shekaru tana jiran inji bayan Jamus ta ƙi ba da nata, sai daga Koriya aka samo. Indiya ta fara shirin jirgin yaƙi na Tejas a 1983, ya tashi a 2001, ya shiga aiki a 2016, kuma har yanzu injin General Electric ne a cikinsa saboda nasu na Kaveri bai kai ba. Babu mai yin komai da komai, ko Koriyar ta daɗe tana sa injin Jamus a igwarta ta K9. Abin da ƙasa za ta zauna ta tantance shi ne waɗanne abubuwa ne in an yanke mata su za ta durƙusa cikin wata guda. Yawanci za ka ga harsashi ne, da kayan gyara, da rediyo, da iya gyara abin da ta riga ta saya ba sai an ɗauko Bature ba.

Mai Neman Sani:

Na gode Baba, na gode Hajiya. To in ƙasa za ta ɗauki lasisi daga waje don ta fara, me za ta dage a rubuta mata a yarjejeniya?

Tsohon Injiniya:

Cikakken zane, har da irin ƙarfen da yadda ake gasa shi da yadda ake gwada shi, don masu sayarwa sukan ba da siffa su riƙe waɗannan. Izinin yin gyare-gyare ba sai an nemi yardarsu ba. Jadawalin da ya nuna wane ɓangare zai koma gida a wace shekara, da tara in an saɓa. Sai izinin sayar wa wata ƙasa, kuma a nan a duba har kayan da ke ciki, ba sunan da ke jikin motar kawai ba. A 2018 Pakistan ta ƙulla cinikin helikwafta T129 guda 30 da Turkiyya. Jirgin a Turkiyya ake yin sa, amma injinsa sai da lasisin fitarwa daga Amurka. Amurka ba ta bayar ba, kuma ko ɗaya bai isa Pakistan ba.