Neman shawara: an gayyace ni hawan Mont Blanc, hankalina ya ƙi kwanciya

Ɗan Zango: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wata masana'antar ƙarfe a Torino. Abokan aikina biyu, Italiyawa, su suka tsaya min lokacin da takardun zamana suka maƙale, har kuɗin haya suka ranta min, ɗayansu ma shi ya kai matata asibiti. Yanzu sun ce mu hau Mont Blanc, dutsen da ke kan iyakar Italiya da Faransa, mita 4,800 da 'yan kai, a watan Agusta. Nauyinsu nake ji, na kasa cewa a'a. Ta garin Saint-Gervais da ke ɓangaren Faransa za mu bi, ba jagora, wai da tsada. Matata tun da ta ji take kuka. Ya zan yi?

Ba'agade: Wa alaikumus salam. Ƙanena, saurara. A wannan hanyar, tsakanin masaukin masu hawa na Tête Rousse da na Goûter akwai kwazazzabon Grand Couloir. In zafi ya narkar da ƙanƙarar da ta riƙe duwatsun, gangarowa suke yi a kan masu tsallakawa. A Agustan 2022 sai da aka rufe masaukan biyu saboda haka. Kuma tun 2019 dole sai ka kama gado a masauki kafin ka bi hanyar. Kun kama?

Ɗan Zango: Wannan su suka sani, yaya. Ni dai ina gudu kullum bayan asuba, a wajen aiki kuma a tsaye nake wuni.

Ba'agade: Gudu daban, tudu daban. Daga mita 4,000 numfashi ba ya ƙosarwa, sai ciwon kai da amai. Fara da dutsen Gran Paradiso, mita 4,061, yana kusa da ku.

Uwar Biyu: Ni maigidana haka abokai suka ja shi wasan zamiya kan ƙanƙara, ya karye a gwiwa. Ni na riƙe gidan da aikin shara, ba wanda ya leƙo mu. Ka ji tausayin matarka, ɗana.

Bakanon Brescia: Kada ku karya masa gwiwa, rai a hannun Allah yake. Malam, gwada dutsen Breithorn, motar igiya za ta kai ka kusa da mita 3,900, saura tafiyar 'yan awoyi.

Ba'agade: Wannan hawan gaggawar shi ke kayar da wanda jikinsa bai saba ba.

Ɗan Zango: Na gode, amma ba ku san mutanen nan ba, ba za su kai ni ga halaka ba. Kuma na riga na sayi takalmi, na ɗauki hutu.

Ba'agade: Ban ce mugaye ba ne. Gadon nake tambaya, an kama ko ba a kama ba?