Na cije a babin bankwana, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina rubuta nawa ci gaban wani shirin talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya, ina ɗora shi a Wattpad, amma mako uku ke nan na cije.

Jarumar tana duniyar Mars, mahaifinta yana kwance rai a hannun Allah a Duniya, ina son su yi bankwana. To, saƙon rediyo tsakaninsu yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, kuma ainihin shirin bai taɓa karya wannan ƙa'ida ba. In na ƙirƙiro na'urar da ke kawar da jinkirin, masu karatu ba za su yarda ba.

Na gwada saƙonnin murya, sai zafin rabuwar ya huce. Don Allah, yaya zan rubuta jiran nan har ya taɓa zuciya?