Za a faɗaɗa asibitin garinmu, amma wai sai an sare bishiyoyin harabar, ya za mu yi?

Ɗan Kwamiti:
Salam jama'a. Ina cikin kwamitin ci gaban garinmu, an amince za a ƙara mana ɗakin haihuwa da wod na yara a janar asibiti, alhamdulillah, don wlh mata har a baranda ake kwantar da su. Matsalar ita ce zanen da aka kawo ya faɗa daidai inda darbejiya shida da wani tsohon maɗaci suke, nan ne masu jinya ke shimfiɗa tabarma su wuni, nan suke dama kunu, nan suke sallah. Ɗan kwangila ya ce a sare kawai daga baya a dasa wasu. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai yadda za a yi gini a bar bishiyoyin?

Magini:
Wa alaikumus salam. Ana yi, amma tun a takarda ake ceton bishiya, in an fara haƙa fandishan magana ta ƙare. Kuskuren mutane shi ne su ga an bar gindin a tsaye su ce an tsira, alhali saiwa ce rayuwarta, kuma yawancin saiwoyin ba su yi zurfi ba, a saman ƙasa suke bazuwa, sau da yawa har su wuce inda inuwar ta tsaya. A ƙa'idar da ake bi a Ingila, kaurin gindin ake aunawa a ninka sau 12, wato gindi mai faɗin rabin mita a bar masa mita 6 ta kowane ɓangare. Ku kewaye wurin da langa-langa kafin tifa ta farko ta shigo. Kar a jibge yashi ko bulo a ciki, kar a wanke injin kwaɓa siminti a gindin, kar a ja ramin fayif ta wurin. Na taɓa ganin wani mangwaro da aka "bari", lebura kullum nan suke zubar da ruwan siminti, ana buɗe ginin da shekara biyu ya bushe ƙurmus, kowa na cewa aljanu ne. Kuma ku sa a rubuta tara a cikin kwangilar, in ba haka ba surutu ne kawai.

Baban Yara:
Ni fa ban gane ba, ran mace mai naƙuda ne gaba ko itace? A sare a yi gini malam, darbejiya ai ba wuyar fitowa gare ta ba.

Sista Mai Dare:
Baban Yara ba wanda ya ce a fasa ginin ai. Ni nas ce, ka zo wod ɗinmu a watan Afrilu da azahar, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, fanka a tsaye, ka shiga ɗakin da inuwa ta rufe sannan ka shiga wanda rana ke dukan kwanonsa, ba sai an yi maka bayani ba. Kuma dashen da ake cewa za a yi, wa zai ba shi ruwa da rani? Awaki ne ke cinye shi kafin sati. Amma gaskiya ɗaya, bishiya a asibiti tana son kula, ganye na toshe kwata, jemagu da balbela su ɓata wuri, reshe kuma in ya tsufa iskar farkon damina na iya jefo shi kan rufi. A riƙa yi musu aski duk shekara.

Malamin Jami'a:
Ƙari a kan maganar Sista. A 1984 wani mai bincike Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiya da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a Amurka, waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bango sallama, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Sannan asibitin Butaro a Ruwanda da aka buɗe a 2011, akwai wata tsohuwar bishiya dangin ceɗiyarmu a filin, barinta aka yi a tsakar gida aka tsara ginin a kewayenta. Ku tambayi mai zanen ko ginin zai iya lanƙwasa ya zama kamar harafin L, ko a hau bene.

Ɗan Kwamiti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na je da tef, maɗacin mu biyu da maigadi da ƙyar muka rungume shi. Bayan ɗakin ajiye magani kuma akwai fili da ba komai sai tsofaffin gadaje da wata motar asibiti da ta mutu tun ina yaro, ban san me ya sa ba a kalli can ba. Ranar Asabar akwai zama da injiniyan ma'aikata. Magini, in ya dage sai biyu daga cikin darbejiyar sun tafi, waɗanne za mu sadaukar, na kusa da rijiyar burtsatse ko na bakin get?