Moto yana tashi amma ina sakin koren maɓalli sai ya mutu

Ɗan koyo: Assalamu alaikum manya, don Allah a taimaka min. Ina koyon wayarin ɗin fanel, yanzu haka muna haɗa sitata ta injin niƙa, moto mai layi uku, kontakta (suwic ɗin da maganaɗisu ke ja ya ba moto wuta) Schneider LC1D da ovalod (mai yanke wuta in kaya ya yi wa moto yawa) a ƙasanta, koyil ɗin da ke jan kontaktar na volt 220. In na danna kore kontakta tana kamawa moto ya tashi lafiya lau, amma ina ɗauke yatsa shikenan ya mutu. Ogana ya yi tafiya ga mai injin ya matsa min lamba. Akwai wasu ƙananan sukurori a jikinta an rubuta 13, 14 NO da 21, 22 NC, su meye aikinsu? Wani ya ce in cire maɓallan kawai in sa suwic na murɗawa wanda yake tsayawa.

Mai fanel: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai amsarka tana wajen waɗannan ƙananan sukurorin. Manyan ukun nan, 1-2, 3-4, 5-6, su ke ɗaukar wutar moto, ƙananan kuma na kwantirol ne, tare suke motsi da manyan duk sanda koyil ya ja. 13-14 a buɗe take sai kontakta ta kama ta rufe, ma'anar NO ke nan, 21-22 kuma akasin haka, wato NC. Lambar ƙarshe ita ke gaya maka, in ka ga 3 da 4 NO ce, in 1 da 2 ne NC ce, lambar farko kuwa ta jeri ce kawai.

Ga yadda za ka bi: layi ya fito daga fis ɗin kwantirol ya shiga 95 na ovalod ya fita ta 96, ya shiga jan maɓalli, daga ja zuwa kore, daga kore zuwa A1 na koyil, ɗaya ƙafar koyil ɗin wato A2 kuma nutral. Sai ka ɗauko waya biyu, ɗaya daga shigar kore zuwa 13, ɗaya daga fitar kore zuwa 14. Kana dannawa 13-14 ta rufe, ko ka saki wuta za ta ci gaba da bi ta nan tana riƙe koyil har sai an danna ja. Ka lura 13 ta ɗauko daga bayan ja, in ka ɗauko daga gabansa jan ba zai kashe komai ba. Kashe babban suwic ka gwada da mita kafin ka sa hannu.

Tsohon ma'aikacin kamfani: Wanda ya ce ka sa suwic na murɗawa bai yi maka adalci ba yaro. Ka yi tunani, ana tsaka da niƙa aka ɗauke wuta, yaron injin ya zo yana gyara bel ko yana share bakin injin da hannu, kwatsam aka dawo da wuta, suwic yana nan a kunne, injin zai tashi da kansa ba sallama. Da haɗin 13-14 kuwa wuta na tafiya kontakta ta saki, ko an kawo ba abin da zai motsa sai mutum ya je ya danna kore da niyya. Ni wannan kaɗai ya ishe ni dalili, hannun mutum ba a sayar da shi a kasuwa.

Kuma ƙananan kontak ɗin nan kar ka rataya musu kaya mai nauyi, yawanci amfiya 10 ake rubuta musu, in koyil suke kunnawa ma bai kai haka ba, na fitilar alama ne da rilay da koyil.

Mai canjoba: Bari in ƙara kan 21-22 tunda ba a taɓo ta sosai ba, ita ce ta kulle. Duk inda kontakta biyu bai kamata su kama lokaci ɗaya ba, kamar gaba da baya na moto, ko sita-delta, ko canjoba tsakanin wutar NEPA da janareta, sai ka bi da wayar koyil ɗin wannan ta cikin NC ɗin waccan, ita ma waccan haka, in ɗaya ta kama ta yanke wa 'yar'uwarta hanya. In babu wannan layi zai haɗu da layi, fanel ya yi bindiga. Ni ina ƙara makullin da ake sawa tsakanin kontaktocin biyu ma, waya kaɗai ba ta kwantar min da hankali. Kuma tunda wajen niƙa ne ka rufe fanel ɗin sosai, garin da ake niƙawa da ƙurar hunturu suna shiga ƙananan kontak su hana su haɗuwa da kyau, sai ka ga tana kamawa tana saki ka zaci koyil ne.

Ɗan koyo: Alhamdulillah ya riƙe, Allah ya saka da alheri. Oga saura fitilu, mai injin yana son ya riƙa ganin alama in ovalod ya yanke, ga 13-14 na riga na yi amfani da ita.

Mai fanel: Fitilar ovalod ka ɗauka daga 97-98 a jikin ovalod ɗin, tana rufewa in ya yi tirif. Ta tsayawa ka bi da ita ta 21-22. Ta aiki kuma ko ka haɗa ta da A1 da A2, ko ka sayo bulok ɗin LADN11 ka maƙala a fuskar kontaktar, zai ba ka 53-54 NO da 61-62 NC, sai ka ɗora ta a 53-54. Ka duba fitilun su zama na 220 kafin ka biya kuɗi, akwai na 24 masu kama da su sak.